Yadda za ka gano da kanka cewa kifin wel ɗan uwan dorina ne, da laftof da data kaɗan

Duk shekara in lokacin furojek ya zo sai ɗalibai su cika min ofis nan Birnin Kebbi da magana guda, Malam kayan lab sun yi tsada, Malam ba mu da kuɗin sinadari. Bara wata ɗalibata 'yar Yauri, gidansu duk masunta ne, na ce mata ta yi aiki kan asalin kifin wel da dolfin ta hanyar furotin, ta dube ni ta ce, “Malam mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, ina mu ina wel?” Na ce mata ai ku ke da dorina a bakin kogi, kuma duk duniya babu dabba mai rai da ta fi dorina kusanci da wel. Ba ta yarda ba, kuma na ji daɗin rashin yardar, don gani ya kori ji. Abin da na koya mata a sati shida shi zan zuba a nan daki-daki, duk mai laftof ko da tsohuwa ce da data kamar giga ɗaya zai iya.

Da farko mu gyara suna. Muna cewa kifin wel ne kawai don bakinmu ya saba, amma ba kifi ba ne, da huhu yake numfashi, haihuwa yake yi, yana shayar da nono, jininsa da ɗumi, kuma jelarsa sama da ƙasa take kaɗawa ba gefe da gefe irin ta tarwaɗa ba. Dolfin ma haka, shi ƙaramin wel ne mai haƙora. Turaren ambar da ake ji a littattafai daga cikin hanjin wani irin wel mai ƙaton kai yake fitowa. Ni dai duk lokacin da na buɗe waɗannan jerin haruffa tasbihi nake ƙarawa, don abin da aka rubuta a jikin dabbobi muke karantawa, ba mu muka rubuta ba.

Me ya sa furotin? Furotin sarƙa ce ta ƙananan abubuwa da ake kira amino asid, iri 20 ne, kowanne an ba shi harafi ɗaya. Ka tuna yadda malaman Gwandu suke kwafar littafi da hannu, almajiri ya kwafa daga na malaminsa, in ya yi kuskuren harafi ɗaya duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren nan, ya ƙara nasa. Bayan shekara ɗari in ka tara kwafi goma, ta kurakuran da suka yi tarayya a kai za ka gane wane ya kwafa daga wane. Toh haka furotin yake tafiya daga uwa zuwa ɗa, canji na shiga jefi-jefi, dabbobin da suka rabu kwanan nan jerinsu na kama da juna, waɗanda suka daɗe da rabuwa sun yi nisa. Tun 1950 wasu masana biyu a Amurka, Boyden da Gemeroy, suka gwada furotin na jini suka ga wel ya fi kusa da dabbobi masu rababben kofato irin su saniya da alade. A 1994 Graur da Higgins suka ce ba kusa kawai yake ba, a cikinsu ma yake, a shekarar ne kuma Irwin da Arnason suka nuna dorina ce ta fi kusa da shi ta hanyar wani furotin mai suna saitokurom b, sannan Gatesy da abokansa suka ƙara ƙarfafa maganar a 1996 da ƙwayoyin gadon kezin, wato furotin na madara. Hanyar da suka bi da wahala ita za ka bi yau kyauta.

Mataki na farko, tsai da tambaya

Kar ka taɓa kwamfuta sai ka rubuta tambayarka a takarda da jimla ɗaya. Nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa, su tara jeri ɗari ba su san abin da suke nema ba. Tambayoyi iri biyu ne kuma ba furotin ɗaya ke amsa su ba. Akwai tambayar zumunta, wane ne ɗan uwan wane. Akwai tambayar sana'a, me ya canza a jikin dabbar har ta iya nitso ko ta iya ji a cikin ruwa. In ka ɗauki furotin na sana'a ka yi masa tambayar zumunta zai yi maka ƙarya ido da ido, zan nuna maka a gaba. Mu fara da zumunta: a cikin dabbobi masu rai, wace ce ta fi kusa da wel da dolfin?

Mataki na biyu, zaɓen dabbobi

Rumbunan bayanai ba su san dorina ko raƙumi ba, sunan kimiyya suka sani, don haka ka rubuta su a gefe. Daga ɓangaren wel masu haƙora ɗauki Physeter macrocephalus mai ambar ɗin nan, da dolfin Tursiops truncatus, da orka Orcinus orca. Daga marasa haƙora, masu tace abinci da wani abu kamar tsintsiya a baki, ɗauki Balaenoptera musculus wanda shi ne dabba mafi girma da aka sani, da Megaptera novaeangliae. Sai namu na gida, dorina Hippopotamus amphibius, saniya Bos taurus, tunkiya Ovis aries, akuya Capra hircus, alade Sus scrofa, raƙumi Camelus dromedarius, doki Equus caballus, kare Canis lupus familiaris.

Kuma lallai ka sa ayu. Wanga shawara ce da nake dagewa a kai, don duk wanda ya tashi bakin Kwara in ka ce masa akwai dabba mai shayarwa da ba ta fita ruwa, ayu zai fara tunawa, kuma kowa zai yi zaton shi ne ɗan uwan dolfin. Namu na Afirka ta Yamma Trichechus senegalensis ne, in ba ka samu jerinsa cikakke ba ɗauki ɗan uwansa Trichechus manatus. Haɗa shi da giwa Loxodonta africana, za ka ga dalili. Na ƙarshe tarwaɗa Clarias gariepinus, ita ce bare, ita za ta nuna mana inda tushen bishiyar yake. Goma sha shida ke nan, sun isa.

Mataki na uku, ɗauko jeri

Fara da saitokurom b. Furotin ne na maitokondiriya, wato ɗan injin da ke samar da kuzari a cikin ƙwayar jiki, kusan kowace dabba an karanta nata, kuma a yawancin masu shayarwa tsawonsa amino asid 379 ne, wannan adadin shi ne ma'auninka. Shiga shafin NCBI, rumbun jerin furotin da DNA na Amurka, a akwatin zaɓi ka ɗauki Protein, ka rubuta cytochrome b sannan sunan dabbar. Sakamako zai zubo da yawa, kar ka danna na farko da gaggawa. Duba tsawo, in ka ga 120 ko 250 guntu ne, wuce shi. In ka ga kalmar partial a jikin sunan shi ma wuce shi. Nemi wanda lambarsa ta fara da NP_ ko YP_, waɗannan daga cikakken jerin maitokondiriya aka ciro su kuma an tantance. Danna FASTA, ka kwafe ka zuba a Notepad, ba a Word ba, don Word na cusa wasu alamomi da ba ka gani sai manhaja ta ƙi karɓar fayil ɗin ka rasa dalili.

Kowane jeri yana farawa da layi mai alamar > a gaba. Goge doguwar maganar da ke wurin ka rubuta gajeren suna ba tazara, kamar >Dorina ko >Dolfin_Tursiops, ka guji ƙ da ɗ a nan kaɗai don wasu manhajoji ba sa gane su. Amma kafin ka goge, kwafe lambar jerin ka ajiye a wani tebur daban tare da ranar da ka ɗauko. Ɗalibar nan tawa ba ta yi haka ba a karon farko, da ta zo rubuta babi na uku sai da ta koma ta sake neman goma sha shidan nan ɗaya bayan ɗaya, cikin dare, netwok na zuwa yana ɗaukewa, har kuka ta yi. Ka dinga adanawa bayan kowace dabba kuma ka tura wa kanka kwafi ta imel, ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta batir ya mutu ba.

Mataki na huɗu, daidaita sahu

Sauke manhajar MEGA, kyauta ce, kuma da zarar ta sauka ba ta buƙatar data. Buɗe Align, ka zaɓi Edit/Build Alignment, sabon aiki, ka ce mata Protein ne, ka shigo da fayil ɗinka, ka zaɓi duka, sannan Align by MUSCLE. Abin da take yi kamar liman ne yana daidaita sahu, kowane harafi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da takwaransa na sauran dabbobin, inda wata dabba ta rasa harafi sai a sa ɗan layi a matsayin giɓi. In laftof ɗinka ba ta ɗauki MEGA ba, Clustal Omega na shafin EBI yana yin wannan ko a waya.

Kar ka wuce nan da gudu, zauna ka kalla da idonka. Bari in nuna maka da mayogulobin, wani furotin na tsoka, don ka san abin da ido ke nema. Ga haruffa 20 na farko na wel mai ambar, lambarsa a rumbun furotin na UniProt P02185, da na mutum P02144, in an cire M na farko:

VLSEGEWQLVLHVWAKVEAD
GLSDGEWQLVLNVWGKVEAD

Wuri huɗu kacal suka saɓa, na 1 da na 4 da na 12 da na 15. Kuma dubi na 4, E ya koma D, dukkansu masu caji mara kyau ne, wato negetif, kamar ka canza buhun gero da wani buhun gero, furotin bai ji komai ba. Irin wannan canjin yana faruwa da sauƙi. Amma W ɗin nan biyu ba su motsa ba, don canza su na iya lalata ginin gaba ɗaya. A sahunka na saitokurom b in ka ga wata dabba ɗaya ta fita daban, giɓi ko'ina, haruffanta ba su dace da na kowa ba, kar ka ce ka gano sabon abu, kusan kullum furotin ɗin da ba shi ba ka kwafo. Koma ka duba. In bakin farko ko na ƙarshe ya yi zaro-zaro, wasu sun fi wasu tsawo, yanke shi su yi daidai. Sai Data, Export Alignment, ka ajiye da tsarin MEGA.

Mataki na biyar, gina bishiya

Kafin bishiya akwai zaɓen model, wato teburin da ke gaya wa kwamfuta wane canji ne mai sauƙi wane ne mai wuya. A ƙarƙashin Models akwai Find Best DNA/Protein Models, bar ta ta yi lissafi, wanda ya zo a sama shi za ka ɗauka. Ga furotin na maitokondiriya sau da yawa mtREV24 ke fitowa, ga sauran kuma irin su JTT ko WAG ko LG. In ka ga +G a gaba ka sa shi, ma'anarsa wasu wurare a jikin furotin sun fi wasu saurin canzawa.

Je Phylogeny. Fara da Neighbor-Joining don yana gamawa cikin ƙiftawar ido ka ga ko akwai ɓarna, sannan ka yi na gaske da Maximum Likelihood. A wurin gwaji zaɓi Bootstrap ka sa 1,000, in laftof ɗin mai rauni ce 500 ma ya yi, ka jona caji ka tafi sallah ka dawo. Abin da butstaraf ke yi shi ne ya sake ɗibar ginshiƙan sahun nan a hargitse ya sake gina bishiya, sau dubu, ya ƙirga sau nawa kowane reshe ya dawo. Kamar alƙali ne yake maimaita wa shaidu tambaya ta fuskoki daban-daban ya ga ko maganarsu za ta canza. Reshen da ya samu 95 zuwa sama ka riƙe shi, 70 zuwa sama ana saurarensa, ƙasa da haka kar ka gina babi a kansa.

Bishiya ta fito, danna reshen tarwaɗa ka ɗora tushe a kansa. Abu na farko da za ka gani, wel da dolfin duk sun taru wuri ɗaya a tsakiyar masu shayarwa, nesa da tarwaɗa, maganar kifi ta ƙare. Na biyu, ayu bai je kusa da su ba sam, ya tafi ya zauna da giwa. Ɗalibar tawa da ta kai wa mahaifinta hoton bishiyar nan a Yauri, ta ce ya daɗe yana kallo sannan ya ce, “Ke 'yar nan, ayu ai ciyawa yake ci, kuma nonon macen a hammata yake, ban taɓa ganin saniya da haka ba.” Ta ce, “Baba, giwa ma nononta tsakanin ƙafafun gaba yake.” Abin da ya gani da ido shekara da shekaru a kan ruwa shi haruffan suka faɗa.

Yanzu cire tarwaɗa ka sake ginawa, ka ɗora tushe a kan reshen ayu da giwa. Dalili, bare in ya yi nisa da yawa reshensa na yin tsawo, kuma dogayen rassa suna jan juna ko babu zumunta, sai su karkatar da bishiyar. Wannan matsala ta tushe ba ƙananan ɗalibai kaɗai take kayarwa ba, a 1993 an buga wani bincike da ya ce wel mai ambar ya fi kusa da marasa haƙora a kan dolfin, aka yi ta muhawara shekaru kafin wasu hujjoji su tabbatar masu haƙora duk gida ɗaya ne.

Abin da manyan bincike suka tsaya a kai shi ne raƙumi ya fara rabuwa, sai alade, sai masu tuƙa irin saniya da tunkiya da akuya, sannan dorina da wel suka rage tare har suka rabu wajen shekara miliyan 55 da suka wuce. Ka tsaya ka ji nauyin wannan, saniyar da ke turke a gidanku ta fi kusa da wel a kan raƙumin da ake saukewa a kasuwar dabbobi. Amma in gaya maka gaskiya, saitokurom b shi kaɗai ba lallai ya ba ka wannan tsarin tas ba. Dorina na iya zuwa gefen wel da lamba mai rauni, tana ma iya zamewa wani wuri. Kar ka ji tsoro kuma kar ka gyara bishiya da hannu, haruffa 379 sun yi kaɗan ga rabuwar da ta daɗe haka, shaida ɗaya ne. Maganinsa ƙarin shaidu. Maitokondiriya na da furotin 13, in ka haɗa su kusan amino asid 3,800 ne, ka daidaita sahun kowanne shi kaɗai, sunayen dabbobi su zama iri ɗaya harafi da harafi a duk fayilolin, sannan ka ɗinke su da Concatenate da ke ƙarƙashin Data. Ko biyar ka iya haɗawa, kamar COX1 da ND2 da ND4 da ND5 da saitokurom b, za ka ga lambobin sun tashi. Ka kuma gwada kezin, rubuta kappa casein, amma a nan babu tarwaɗa tunda ba ta da nono.

Mataki na shida, inda furotin ke ƙarya

Wannan ne ɓangaren da na fi so kuma shi ke bambanta furojek mai rai da na kwafe. Akwai furotin a cikin kunne mai suna firestin, a rumbu ka nema da SLC26A5, shi ke taimaka wa ƙwayoyin kunne su ƙara ƙarfin sauti mai tsini. Dolfin yana farauta da amsa-kuwwa, ya fitar da ƙara ta bugi kifi ta dawo masa, wasu jemagu ma haka suke kama ƙwari cikin duhu. A 2010 ƙungiyoyin masana biyu suka buga a mujallar Current Biology cewa in ka gina bishiya da jerin amino asid na firestin, dolfin na barin saniya ya je ya zauna cikin jemagu masu amsa-kuwwa. Gwada da kanka, ɗauki dolfin da orka da wel mara haƙora da saniya da alade da doki, sai jemage Rhinolophus ferrumequinum da wasu 'yan gidansa, da jemage mai cin 'ya'yan itace irin Pteropus vampyrus wanda ba ya wannan farautar, dangin waɗanda muke gani suna lilo a bishiyoyi da magariba.

In dolfin ya koma gefen jemage, ba zumunta ba ce, sana'a ce ta zo ɗaya, buƙata iri ɗaya ta tura canji iri ɗaya a wurare iri ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Aikinka a nan ka koma sahu ka nemo ginshiƙan da dolfin da jemagen amsa-kuwwa suka yi tarayya a harafi alhali saniya da wel mara haƙora da jemagen 'ya'yan itace suna da wani daban, ka rubuta lambobinsu a tebur. Ko bishiyarka ba ta haɗa su ba saboda dabbobin da ka zaɓa, ginshiƙan suna nan, kuma teburin nan ya fi bishiya goma daraja a gaban mai jarrabawa. Wannan darasin ya shafi dorina ma, ana ganin ita da wel duk ba gashi sai a ce gado ne daga kaka ɗaya mai zaman ruwa, amma wani bincike na 2021 kan fatarsu ya nuna kowannensu da kansa ya bi hanyarsa zuwa ruwa.

Mataki na bakwai, mayogulobin da nitso

Mayogulobin shi ke ajiye iskar oksijin a cikin tsoka, shi ya sa nama ke ja. Na wel mai ambar yana da amino asid 153, kuma shi ne furotin na farko a tarihi da aka ga siffar gininsa, John Kendrew ya yi a 1958 a Kambirij ta Ingila, ya samu kyautar Nobel a 1962 tare da Max Perutz. In kana son ka juya shi da yatsa a allo, shiga shafin PDB, rumbun siffofin furotin, ka rubuta 1MBN. Naman masu dogon nitso har baƙi-baƙi yake don yawan mayogulobin, an taɓa auna wani wel mai baki kamar na tsuntsu, Ziphius cavirostris, ya nitse mita 2,992, wani kuma ya yi minti 222 bai fito ba. Matsalar ita ce furotin in ya yi yawa a wuri ɗaya yana dunƙulewa ya lalace. A 2013 masana daga Jami'ar Libaful suka nuna a mujallar Science cewa mayogulobin na masu nitso yana da ƙarin caji mai kyau, wato fozitif, a bayansa, sai ƙwayoyin suna ture juna kamar bakin maganaɗisu iri ɗaya, ba sa mannewa ko an cusa su da yawa.

Yadda za ka duba, ɗauko myoglobin daga UniProt, ka fifita masu alamar Reviewed, kuma ka tabbata tsawon 154 ne da M na farko. Hattara da cytoglobin da hemoglobin, 'yan uwansa ne kuma suna fitowa a bincike, in ɗaya ya shiga sahunka ya ɓata komai. Zuba kowane jeri a ProtParam na shafin Expasy, zai ba ka adadin K da R masu caji mai kyau, da D da E masu mara kyau, da H wanda cajinsa rabi-rabi ne ya danganta da tsamin wurin, da wata lamba pI, wadda ke hawa in caji mai kyau ya fi yawa. Yi tebur, masu nitso a sama, na tudu a ƙasa. Bambancin ba zai cika ido ba, 'yan haruffa ne, amma ka lura da gefen da yake karkata. Ka sa dabbar sil Phoca vitulina, wadda dangin kare ce ba na wel ba amma gwanar nitso ce, ka ga ko ta bi sahun wel a caji. Ka kuma rubuta a fili cewa ƙirgenka na jerin duka ne, su masanan na bayan furotin suka auna, kar mai jarrabawa ya riga ka faɗa.

Wani abu da zai iya ruɗa ka, wani lokaci za ka nemi furotin a wel ka rasa, ka zaci netwok ne. Rashin ma sakamako ne. Wel marasa haƙora suna ɗauke da ƙwayoyin gadon inamel na haƙori, wato farin rufin nan mai tauri, irin su ENAM da MMP20, amma a lalace, ba sa fitar da furotin mai aiki, alamar kakanninsu na da haƙora. A 2019 an lissafa ƙwayoyin gado 85 da suka mutu a kakan wel da dolfin lokacin komawa ruwa.

Iyakar abin

Za a tambaye ka me ya sa ba a ciro furotin daga ƙasusuwan kakannin wel an huta ba. Ana ciro furotin mai suna kolajin daga tsohon ƙashi, a yanka shi da sinadarin tirifsin, a auna nauyin guntayen da na'ura a gane dabbar, ana kiran hanyar ZooMS kuma da ita ake tantance ƙasusuwan wel da ake tonowa a tsoffin garuruwan bakin teku. Amma furotin na ruɓewa, zafi irin namu na ƙara masa sauri. Mafi tsufa da aka iya karantawa daga haƙoran dabbobi bai kai rabin shekarun Pakicetus ba, kakan wel mai ƙafa huɗu da aka tono a Pakistan mai shekara wajen miliyan 50. Haka Basilosaurus da Dorudon na Wadi al-Hitan a Masar, haka namu na Najeriya, Pappocetus lugardi, wanda aka samo muƙamuƙinsa a yankin Ameke can kudu maso gabas aka sa masa sunan Gwamna Lugga. Waɗannan sai dai siffar ƙashi ta yi magana, kuma da shekarunsu ake saita agogon bishiyar furotin in ana son a sa wa rassa shekaru.

Masana ƙasusuwa sun daɗe ba su yarda da masu furotin ba, sai a 2001 da aka bayyana wasu kakannin wel, Rodhocetus da Artiocetus, da aka tono a Pakistan da ƙafafunsu na baya, aka ga wani ƙashi na idon sawu mai kwari a duka bakinsa biyu, siffar da masu rababben kofato kaɗai ke da ita. Wannan ƙashin kana iya riƙe irinsa a hannunka. In Babbar Sallah ta zo, a ƙafar baya ta ragon layya, daidai gaɓar da ke lanƙwasawa baya sama da ƙwauri, akwai ɗan ƙashi dunƙulalle da bai wuce babban yatsa ba. Roƙi mai fiɗa ya cire maka shi, ka dafa naman jikinsa ya fita, ka shanya. Sama kwari ƙasa kwari kamar kurar jan guga biyu a haɗe. Ɗauki hotonsa kusa da rula, ka nemo hoton na Rodhocetus a intanet, ka sa su gefe da gefe a babi na huɗu ƙarƙashin bishiyar da ka gina.